Dogo Ya Doso Daura: Ina Mai Kaya Zai Kai Kuka?

Ina gaida mutanen Matameye da kewaye, na Kance da Dungu da Yawuri da Kurni da Tsawni, da mutanen Ɗan Barto da ke bakin iyaka, har da ƴan'uwa na tsallake a Kwangwalam da Mai'aduwa, in muryarmu tana isa gare ku.

Yau zancen jirgin ƙasa za mu yi. Na san wani yana can zaune bakin shago yana cewa, to malam, mu da ko kukan jirgi ba mu taɓa ji ba a ƙasarmu, ina ruwanmu? Ka yi haƙuri ka ba ni aron kunnenka, don jirgin nan ya kusa zama maƙwabcinka. Tun watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, aikin da gwamnatin Nijeriya ta ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan miliyar 2 na dala. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Layin zai tashi daga Kano ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, sannan ya shigo Nijar ya tsaya Maraɗi. An sha ɗaga ranar gama shi, amma aiki yana tafiya, duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kano ya ga tudun ƙasa da gadoji da idonsa. To ku riƙe sunan Daura. Daga nan Matameye, tafiyar Daura ba ta kai ta Damagaram nisa ba. Ranar da jirgi ya fara tsayawa a can, wakenmu da riɗinmu da rakenmu da bisashenmu sun sami sabuwar hanya, haka nan siminti da taki da masarar da muke sayowa.

Kowa murna yake yi, ni ma ina yi. Amma akwai tambayar da ban ji ana yi ba, ko a bakin mahukunta ko a bakin ƴan kasuwa, ita ce ta kawo ni yau. In ka kai kayanka tasha, ka biya kuɗi, aka ce jirgi zai tashi Talata, Talata ta zo ta wuce, wata Talatar ta zo ta wuce, kayanka na nan jibge rana na dukansu, wurin wa za ka kai kuka?

Bari in ba ku wani ɗan labari daga gidanmu. Ina da ƙane mai fataucin rake. Wata shekara da sanyi ya sayi rake a fadamar Dungu, aka sare, aka ɗaure, amalanke ta fito da shi bakin hanya. Sun gama magana da wani mai mota, har ya karɓi kafin alƙalami, a kan zai zo da asuba. Asuba ta yi babu mota. Ashe wani ya ƙara masa kuɗi, ya tafi ya ɗauko nasa. Kun san rake, ba ya jiran kowa. Kwana uku yana kwance, gindinsa ya fara ja, ganyen saman ya bushe ƙayau, in ka ɗaga ɗauri ka ji ya rage nauyi. Ƙanena ya zo mini ido ja wur, ya ce, "Yaya, ni kam na shiga uku." Na ce tashi mu je tasha. Muka tarar da sarkin tasha a kan benci ƙarƙashin rumfa, da ƴan kamasho kewaye da shi. Muka gaisa, ƙanena ya ce, "Sarki, ranka ya daɗe, ƙara na kawo." Ya saurara har ƙarshe, ya aika yaro ya kira mai motar. Ba a yi la'asar ba sai da aka raba gardama: mai mota ya maido kafin alƙalami, ya ɗauki wani kaso na asarar, aka kuma samo wata mota ta kwashe abin da ya rage. Ba takarda, ba lauya, ba sisin kwabo na kuɗin ƙara.

Abu biyu suka ceci ƙanena ran nan. Akwai wanda mai mota ke jin kunyarsa, kuma akwai wata motar. A harkar jirgin ƙasa duka biyun babu su. Dogo ɗaya ne, mai shi ɗaya ne. In ya ce babu tarago, to babu. Wanda ya riga ya kai buhu ɗari tasha, ya sallami mai mota, ya yi wa mai saye a kasuwar Dawanau ta Kano ko Legas alkawarin rana, ba shi da yadda zai yi sai zaman jira. Shi ya sa duk ƙasar da ta daɗe da jirgi ta gane cewa ba a barin mai kaya da mai dogo su kaɗai, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan sabon abu ne gare mu. Kakanninmu sun ɗanɗana. Jirgi ya iso Kano a 1911, kuma ba a daɗe ba gyaɗa, wadda wasunmu ke kira gujiya, ta zama ita ce kuɗin ƙasar Hausa baki ɗaya, tsallake da nan. Gyaɗar Matameye da Magariya da Kance ba ta da wata hanyar zuwa teku da ta wuce Kano: raƙuma da jakuna da farko, daga baya manyan motoci, sannan jirgi ya kai ta Legas. Albarkacinta ne aka kafa masana'antar matsar man gyaɗa a garin nan, tsofaffinmu da suka yi aiki a cikinta suna nan da ransu. To, dalar gyaɗar nan ta Kano da muke gani a hoto muna alfahari, wadda akan ce guda ɗaya tana cin buhu 15,000, mene ne asalinta? Ajiya ce ta kayan da ke jiran jirgi. Bayan yaƙin duniya na biyu reluwe ta yi ƙarancin kan jirgi da taragu, gyaɗa ta riƙa kwana shekara a fili, ta bana ta tarar da ta bara, ƙwari suka shiga buhuna suna ci. Ku tambayi kanku, in tarago ya yi ƙaranci a ƙasar Ingilishi, gyaɗar wa za a fara lodawa, ta ɗan gida ko ta baƙon da ya zo daga ƙasar Faransi?

Faransawa sun san amsar. Shi ya sa a farkon shekarun 1950 suka ƙirƙiro wani shiri da suka raɗa wa sunan tsattsewa da harshensu: motoci su kwashi gyaɗar Nijar su yi yamma da ita har Paraku a ƙasar Dahome, jirgi ya ƙarasa da ita Kwatano, kilomita 438, motocin kuma su dawo da hajar da aka sauke a tashar ruwa. Daga nan aka kafa hukumar haɗin gwiwar jirgin Dahome da Nijar a 1959, wadda daga baya muka sani da OCBN. Hanyar ta fi tsawo, ta fi tsada, amma suka gwammace ta da zaman jiran jirgin da ba su da ta cewa a kansa. Mu na gabas kuwa, saboda nisa, akasarin tamu gyaɗar ta ci gaba da bin Kano, muna cin haƙuri.

Abin da ya faru da reluwen Nijeriya bayan haka kowa ya sani. A 1964 ta ɗauki kaya kusan tan miliyan 3. Kafin shekarun 2000 abin ya zube har bai kai tan 100,000 a shekara ba. Akan ɗora laifin a kan titi da tirela, da man fetur da ya sa aka yi watsi da noma, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ku tambayi tsofaffin fataken Kano me ya raba su da jirgi. Za su ce maka kaya ne suke yin makonni a hanya, a buɗe tarago a tarar an yi ɓarna, ka je ofis a tura ka wani ofis. Dokar da ta kafa hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya a 1955 ta haɗa mata komai a hannu: ita ce mai dogo, ita ce mai jirgi, ita ce mai yanka farashi, ita ce kuma mai duba ko an yi daidai. Wato ka kai ƙarar kura wurin kura. Mai kaya bai yi zanga-zanga ba, bai rubuta wa kowa takarda ba, sai ya kwashe kayansa ya koma mota. Majalisar dokokin Nijeriya ta taɓa zartar da ƙudurin kafa hukumar da za ta sa ido kan sufuri gaba ɗaya, Shugaba Buhari bai sa masa hannu ba a 2018. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulkinsu, jihohi suka sami ikon shimfiɗa nasu dogon. Wannan ya ƙara masu iya mallakar jirgi, amma bai ce komai ba game da wanda zai tsaya wa mai buhu.

Mu ma a nan gida ba mu da bakin yi wa kowa dariya. An buɗe tashar jirgi a Yamai a 2014, aka yi bikin layin Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, a watan Janairu na 2016, da kiɗa da jawabai. Rikicin kamfanin Bolloré da attajirin Benin Samuel Dossou a kan wa ke da haƙƙin aikin ya kai kotu, layin bai haɗu da Paraku ba, kuma ba a yi jigilar kasuwanci a kansa ba. Na Dakar zuwa Bamako kuma an ba ƴan kasuwa shi a 2003, aka rufe ƙananan tashoshi da dama da mutanen ƙauye ke cin abinci a cikinsu, dogon ya ci gaba da lalacewa, har gwamnatocin biyu suka soke yarjejeniyar bayan shekara goma sha biyu. Ashe ko gwamnati ce ke tuƙi ko kamfani, in babu mai tsawatawa, ƙarshen tafiyar ɗaya ne.

To yaya waɗanda suka riga mu suke yi? Amurka ƙasa ce da kamfanonin jirgin kaya na ƴan kasuwa ne, ba na gwamnati ba, kuma ba ƙasa ce mai son gwamnati ta sa baki a ciniki ba. Duk da haka tun 1887 suka kafa hukumar da ke sa ido kan jirage, kuma manoma ne suka matsa aka yi. Kukansu shi ne, kamfanin jirgi yana yi wa manya irin su Rockefeller mai man fetur rangwame a ɓoye, ƙaramin manomi kuwa a tsuga masa kuɗi, har ya zama mai gajeriyar tafiya yana biyan abin da ya fi na mai doguwa, don kawai garinsu dogo ɗaya ne. Tun 1996 wata sabuwar hukuma ce ta gaji aikin. A 2022, da kamfanonin suka rage ma'aikata kaya suka riƙa makalewa, hukumar ta kira shugabanninsu gabanta a watan Afrilu suka sha tambayoyi a bainar jama'a. A watan Yuni na shekarar, wani babban kamfanin kiwon kaji na jihar Kalifoniya, Foster Farms, ya kai kuka cewa masarar abincin kajinsa ba ta isowa, kaji za su mutu da yunwa. Cikin ƴan kwanaki hukumar ta ba kamfanin jirgi na Union Pacific umarnin gaggawa ya kai masarar, ya kuma riƙa kawo rahoton inda jiragen suke. Masu kiwon kaji a Damagaram za su fi kowa gane abin da wannan ke nufi, don kaza ba ta san an ɗaga ranar jirgi ba.

Na Kanada ya fi kama da namu, don maganar amfanin gona ce. Damina ta yi kyau ƙwarai a 2013, alkama ta cika rumbuna, sanyi ya yi tsanani, jirage suka kasa kwashewa, jiragen ruwa suna jere a bakin teku suna jira, farashi ya faɗi a hannun manomi. Dalar gyaɗar Kano ke nan ta sake bayyana a ƙasar ƙanƙara. A watan Maris na 2014 gwamnati ta umarci manyan kamfanonin jirgi biyu, CN da CP, kowanne ya kwashi tan 500,000 na hatsi duk mako, wanda ya gaza kuma tara tana iya kaiwa dalar Kanada 100,000 a rana. Ba na cewa komai nasu daidai yake, har gobe masu kaya a can suna ƙorafi, kamfanonin kuma suna da lauyoyi da ba sa barci. Abin da nake so ku ɗauka shi ne, akwai ƙofar da ake bugawa, kuma wanda ke bayan ƙofar ba yaron kamfanin jirgi ba ne.

Mu dawo Daura. Namu ya fi nasu sarƙaƙiya ta fuska biyu, kuma nan ne nake so mahukunta su buɗe kunne.

Ta farko, mu baƙi ne a kan dogon. Kuɗin Nijeriya ne, hukumar Nijeriya ce za ta tafiyar da shi, kotun Nijeriya ce a kansa. Mutumin Kurni da wakensa ya ruɓe a tashar Daura ko Kano, zai je Abuja ne? Da wane kuɗi, da wane Turanci? Kuma mun ga yadda iyaka take rufuwa dare ɗaya: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga ƙarshen Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Da mota, mutane sun san dabarunsu, ba sai na faɗa a rediyo ba. Tarago kuwa ba ya bin ta daji. Kayan da rufin iyaka ya tarar a cikin tarago, na wa ne asararsu, kuma kuɗin kwanan da suka yi a tasha wa zai biya? Yanzu da Nijar ta fita daga CEDEAO tun Janairu 2025, ba wata inuwar da za a ce ta rufe mu gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, kuma wurin yin ta yana nan: hukumar haɗin gwiwar Nijar da Nijeriya da aka kafa tun 1971, mai mazauni a Yamai. Muna da CNUT mai kula da haƙƙin masu kaya a nan, su ma ƴan Nijeriya suna da tasu majalisar masu kaya tun 1978, wadda a 2014 aka ba ta ikon sa ido kan farashi da aiki a tashoshin ruwa. Waɗannan biyun ya kamata a ce sun riga sun zauna.

Ta biyu, sabon dogon da tsohon ba faɗinsu ɗaya ba. Na Kano zuwa Maraɗi mai faɗi ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Badun. Tsohon da Turawa suka shimfiɗa daga Legas zuwa Kano kuwa matsattse ne, tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun. Kafin a haɗe sabon layin tun daga Kano har teku, duk kayan da za su Legas sai an sauke su an sake lodawa. Duk ɗan dako ya san a wurin sauke da lodi ne buhu ke fashewa, a nan ne lissafi ke raguwa, a nan ne kuma kowa ke cewa ba a hannuna ya ɓata ba.

Sannan ga maganar manya da ƙanana. Mai jirgi ya fi son wanda zai cika masa taragu talatin da siminti ko taki ko man matatar Damagaram, a sa hannu sau ɗaya a wuce wurin. Ba laifinsa ba ne, haka cinikin yake. Amma mu nan ƙasar masu buhu ashirin ne da buhu hamsin, da mata masu ƙuli da mai, da mai tumaki goma. In ba a rubuta tun yanzu cewa za a keɓe taragu na haɗaka, a kuma bi layi bisa wanda ya riga zuwa, to za mu tsaya a bakin dogo muna ɗaga wa jirgi hannu yana wucewa da kayan wasu.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa, kuma ba ya cin kuɗin gada ko guda. A manna farashi a bangon tasha da Hausa, kowa ya gani, kowa ya biya iri ɗaya. Takardar da za a ba mai kaya ta faɗi nauyin da sikeli ya nuna da ranar da kaya za su isa. In mai kaya ya yi jinkirin kwashe kayansa ana cajinsa kuɗin kwana, wannan kowa ya san za a yi, to in jirgi ne ya yi jinkiri shi ma ya biya. Kaya masu lalacewa da masu rai, rake da tumatir da bisashe, a ba su gaba. Sannan a ajiye ofishin karɓar ƙara a Daura da Maraɗi, da wakilin kowace ƙasa a ciki, wanda ba mai jirgi ke biyansa albashi ba, kuma a yanka masa kwanakin da zai yanke hukunci. Hukuncin da ya fito bayan wata shida ba ya maido raken da ya bushe.

Wani zai ce, malam, ka bari a haifi yaro kafin a raɗa suna. Ni kuwa na ce, irin wannan magana kafin a yanke ƙyallen buɗewa ake yin ta, lokacin da mai dogo ke neman kayan da zai nuna wa waɗanda suka ba shi bashi cewa layin zai ci riba. Yau yana bukatar wakenmu. In aka riga aka sa hannu aka raba taragu, sai dai mu yi roƙo.

Don haka ina kira ga ƴan kasuwar Matameye da Kance da Magariya, da sandikar masu motoci, da ƙungiyoyin manoman rake da na masu bisashe: ku zauna tun yanzu, ku rubuta abin da kuke so a takarda guda, ku kai wa majalisar ƴan kasuwa ta Damagaram da ofishin CNUT da mai girma gwamna, ku karɓi shaidar cewa sun karɓa. Ranku ya daɗe mahukunta, ku kuma in za ku je teburin magana da Nijeriya, ku tafi da mutum biyu ko uku daga cikin masu lodi da hannunsu.